Geron da Muka Dama a Samnu

Da za a ce in zaɓi abu guda in goge daga rayuwata, ba fitowar da na yi na bar mahaifiyata zan goge ba, ba kuma barin makaranta da na yi tun ban iya haɗa wasiƙa da kyau ba. Wata amsa ce da na ba wani tsoho a bakin fangalin gero a Samnu, wani gari kusa da Sabha, da hantsi, yana tsugune yana shafa ganye. Ya yi mini tambaya, na ba shi amsar da ba gaskiya ba. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, kuma tun yana raye ya yafe mini. Ni ne dai har yau ban gama yafe wa kaina ba.

Abin da ya tayar mini da maganar, kwanakin baya likita ya duba jinina ya ce suga ya yi yawa. Ya ce in rage farin burodi da maka, wato taliya, in nemi sha'ir ko gero in zan samu. Na yi dariya har ya ɗago kai ya dube ni, ban kuwa gaya masa dalili ba. Da na fito na shiga kasuwar Sabha, na sami geron a wani ɗan shago, an ƙulla shi a ƙananan ledoji an jera kusa da hulba da habbatussauda, kamar magani. Gero fa, wanda muka gudo muka bari don muna ganin abincin talaka ne.

A ƙauyenmu na ƙasar Damagaram ba zakara ne ke tashin mutum ba, taɓarya ce. Gidan nan ya fara, na can ya amsa, har ka iya gane matar da ke daka daga yadda take saukar da hannu. Kunu da safe, fura da rana, tuwo da almuru, abin da ya kwana a ɗumama. Duk ƙarfin da ke jikinmu, na noma da na kokawa da na ɗebo ruwa, daga gero ya fito. Shinkafa sai ranar salla. Burodi kuwa sai wani ya je birni ya zo da shi tsaraba, a yanyanka shi ƙanana kamar naman layya, kowane yaro ya riƙe nasa yana jan rai. Amma na san wata fuskar geron wadda masu yabonsa yau ba su sani ba. Idan rumbu ya yi ƙasa damina ba ta kawo sabo ba, mahaifiyata takan rage awo ta ƙara ruwa, furar ta yi ta tsinkewa har kana hango gindin ƙwarya ta cikinta. Ba ta taɓa cewa babu ba. Cewa take yi zafi ya yi yawa, mai ruwa-ruwa ta fi daɗi. Da wannan tsinkakkiyar furar a raina na hau kamyo, babbar motar kaya, na yi arewa, na kuma yi wa kaina alkawarin ni da gero sai dai a labari.

Lokacin ƙofar ƙasar nan a buɗe take. Rediyo kullum maganarsa guda, Afirka ɗaya ce, baƙar fata ɗan'uwa ne, ya zo ya yi aiki. Motoci na fitowa daga Agadas a ɗaure da jarkoki, mutane a sama kamar an jera tulu, kuma in ka iso Sabha ba kowa ne zai tsare ka da tambayar takarda ba. Abin da ya fara ba ni mamaki ba gine-gine ba ne, burodi ne. Gidan burodi, kosha suke ce masa, za ka je da abin da bai kai a ambata ba a cika maka leda. 'Yan ƙasa kuma suna da ɗan littafi da suke kaiwa shagon gwamnati, jam'iyya suke ce masa, a ba su fulawa buhu-buhu, da shinkafa, da maka, da mai, da tumatirin gwangwani. Ranar da na ga wani ya zazzage buhun busasshen burodi a gaban tumakinsa, tsayawa na yi baki buɗe. Na ce a raina, ƙasar da tunkiya ke cin tsarabar birni, ai na iso. Wata uku na yi ina cin burodi safe da rana da yamma, na yi kumatu, na aika hoto gida.

Aikin yini-yini ne ya kai ni Samnu, wani mai mota ya kwashe mu mu huɗu yankan sha'ir. Da aka gama, mai lambun ya sallami sauran ya ce ni in zauna. Tsoho ne baƙi, siriri, mai farin gemu kaɗan, kowa Haj yake ce masa. Ranar farko da ya buɗe baki ya ce, "Kai Damagaram, zo nan, ruwa ta tafi banza," lauje ya kusa faɗuwa daga hannuna. Hausarsa ta kaka ce, ta tsufa a bakinsa, namiji ya zama mace, mace ta zama namiji, amma Hausa ce. Ya ce kakarsa daga ƙasarmu aka zo da ita cikin ayari, ba da son ranta ba, kuma har ta mutu ba ta yarda ta kira gero da sunan da mutanen Fazzan, wato yankin nan, ke kiransa ba. Bai taɓa tambayar sunana na yanka ba. Damagaram ya sa mini, da shi kuma aka san ni a kwarin nan duka.

Ina jin ƙarar lambun nan har yanzu in na rufe ido. Injin rijiya ya yi tari sau biyu kafin ya kama, ruwa ya biyo ƙaramar hanya yana tura busasshen ganyen dabino a gabansa, ni kuma ina biye da fartanya, in buɗe wannan fangali in toshe wancan. Kurciyoyi a kan dabino ba sa gajiya. Da hantsi Haj ya hura 'yar wuta da ƙiraren dabino ya ɗora shayi, ya yi ta juya shi daga buta zuwa kofi har kumfa ta tashi. A wannan zaman ne yake ba ni labarin cin mutanen da. Ya ce da yana yaro shekara kashi biyu ce, rabin sanyi na sha'ir da 'yar alkama, rabin zafi na gero da dawa, dabino kuma ya cike duk inda suka gaza. Alkama ta baƙo ce da mai jego. Kowa ya san rijiyar da ta shayar da abin da ke cikin akushinsa. Sai fulawar jirgin ruwa ta zo, fara sol, ba surfe ba niƙa, mata suka jingine dutsen niƙa a bayan ɗaki, maza suka mai da fangalin hatsi na ciyawar dabbobi. Ba ya zagin fulawar. Yakan ce ta kori yunwar da ta kashe ƙannensa biyu, wanda bai ga wannan yunwa ba kada ya yi masa surutu. Amma in ya ga na cika ciki da burodi na kama fartanya, sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan kafin azahar ya gudu ya bar ka. Gero yana zama da mutum har la'asar." Ni kuwa in ce, "Haj, ni na zauna da shi shekara ashirin, ya isa."

A duk Samnu shi kaɗai ya rage yana shuka gero, fangali shida a gefen rijiya. Irin na kakarsa ne. Gajere ne, iyakarsa ƙirjin mutum, zangarniyarsa ba ta wuce taƙi guda ba, ƙwayar kuma ja-ja. Ya saba da zafin wurin da gishirin ruwan, wata biyu da 'yan kwanaki ya nuna. Kowace kaka Haj da kansa yake bin fangalin yana zaɓen kawunan da suka fi cika, ya ɗaure su ƙananan dami ya rataye a rufin ɗakin lambu inda hayaƙin shayi ke bugunsu. 'Ya'yansa na birni dariya suke yi masa. Suna cewa in kunu yake so su aiko masa da garin gwangwani.

A shekarata ta biyu idanunsa suka yi yana. Babban ɗansa ya zo ya ce sai an kai shi Tarabulus an yi aiki. Mun gama ɗauke sha'ir ke nan, zafi bai gama shigowa ba. Ranar tafiya ya ja ni ɗakin lambu ya nuna rufi da sandarsa. Dami biyar ne. Ya ce in dare ya daina sanyi, na ga na kwana ban nemi bargo ba kwana bakwai a jere, in sauke in sussuke in shuka, kada in jira shi. Na ce to. Ya ce, "Kai ɗan gero ne, ba na koya maka." Ya shiga mota suka tafi.

Juma'ar da ta biyo na shiga Sabha salla, na biya gidan da mutanenmu ke sauka. A nan na tarar da wani Bakano kwance a zaure, tela ne, magidanci, kwanansa huɗu da saukowa daga motar sahara. Ruwan jarka ya ɓata masa ciki. An ba shi burodi ya dawo, an dafa masa maka ta dawo, shayi ma ba ya zama. Idanunsa sun faɗa. Da ya ji maganata ya gane ta inda na fito, sai ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Wayyo, ashe a hannun bawana zan cika." Na ce, "Bakano, ko mutuwa za ka yi sai ka yi da baki." Mu da Kanawa haka muke, ko a makabarta. Na ɗauke shi na kai lambu don iska ta fi can. Da muka isa na tambaye shi me ransa ke so. Ya rufe ido ya ce, "Kunun gero. Na tsamiya. Ko cokali uku ne."

Na ɗaga kai na dubi rufi. Dami biyar, fangali shida. Na san huɗu ma za su isa in an shuka da hankali. Na sauke ɗaya. Wannan na farkon ban taɓa nadamarsa ba, don kunun ya zauna, ya sha ya yi gumi ya yi barci, bayan kwana uku yana zaune yana zagin ɗinkin rigata. Abin da ya faru shi ne ni ma na ɗanɗana. Na kai ludayi baki don in ji ko tsamiya ta ji, sai ga tsakar gidanmu gaba ɗaya, da inuwar bedi, da muryar mahaifiyata tana kiran kaji. Ni da na rantse. Na koma bayan ɗaki na zauna, ban san lokacin da hawaye suka zubo ba.

Labari ya bi lambuna cewa akwai gero wajen Damagaram. Ranar Juma'a sai ga ma'aikata daga maƙwabta, 'yan Tawa, 'yan Maraɗi, da wani Bazabarme, kowa da abin da ya riƙo, wannan citta, wancan barkono, wani ya kwana da madarar gari a kwano har ta yi tsami ta zama nono. Turmi babu, sai muka fafe gindin dabino da ya faɗi, taɓarya kuma wani ƙarfen mota. Ka ga ƙarti shida sun kewaye turmi, ba wanda ya taɓa daka a rayuwarsa. Bakano yana zaune a inuwa yana ba da umarni.

"A hankali, Badamagare! Gero ne, ba ganuwar Kano ba. Wadda kakanninka suka kasa fasawa."

"Taso ka karɓa, tela. Ko hannun na allura ne kawai?"

"Ni mara lafiya ne. Kuma ubangida ba ya daka bawa na tsaye."

Rabin geron a ƙasa ya watse, dawon ya fito da tsakuwa-tsakuwa, duk matar da ta gan shi sai ta kore mu daga gida. Amma da aka dama aka zuba a babban kwano, ludayi ya fara zagayawa, shiru ya sauka. Ba ka jin komai sai kurciya da haɗiya. Bazabarmen nan ya share baki ya ce shekararsa huɗu rabonsa da ya ƙoshi, ci dai yake yi. Ba wanda ya tambaye ni inda geron ya fito, ni ma ban faɗa ba. Na ce a raina uku ma sun isa. Juma'a ta gaba na ce biyu sun isa in an tsinka. Daga nan na daina lissafi, na koma cewa gero ai gero ne, kasuwar Sabha cike take da na ƙasarmu, wanda ma ya fi wannan tsawo da cika. Har na fara ganin kamar alheri zan yi wa tsohon.

Ranar da na kwana na bakwai ban nemi bargo ba, rufin ɗaki babu komai sai igiyoyi. Bakano ya ga ina tsaye ina kallonsu, ya tambaya, na gaya masa. Wasa ya ɗauke daga fuskarsa.

"Iri muka sha? Irin mutum?"

"Zan sayo wani. Ba zai gane ba, idonsa ma ba ya gani."

"Ni tela ne, ban san noma ba. Amma in mutum ya ba ni yadi na ƙona, ba na sayo mai kama da shi in yi shiru. Ka gaya masa, don Allah."

Na ce zan gaya masa. Ya raka ni kasuwa muka sayo gero wajen wani mai kawo kaya daga kudu, fari, manyan ƙwaya. Na shuka fangali shida. Bakano ya ɗinke mini rigunana duka biyu, ya hau mota ya yi arewa, ban ƙara jin labarinsa ba. Allah ya sa yana cikin alheri.

Geron ya fito kore shar, ya fi na bara kyau. Yana kai gwiwa Haj ya dawo da baƙin tabarau, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan sai a hankali. Ko gida bai zauna ba ya sa aka kawo shi lambu. Ya tsuguna a bakin fangali ya kama ganye ɗaya, ya ja shi tsakanin yatsu daga gindi har baki. Ya sake kama wani. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ganye ta yi faɗi. Damagaram, wannan gero nawa ne?"

Na ce, "Naka ne, Haj. Taki na ƙara masa."

Ya ce, "Madalla." Ya miƙe yana dafa kafaɗata. A daidai lokacin wani maƙwabcinsa direba, mai bin hanyar kudu, ya tsaya a ƙofar lambu yi masa barka da dawowa. Suka gaisa, sai na ji Haj ya ce masa da Larabci in ya bi ta Gudduwa ya tsaya gidan yayarsa ya ce mata gero ya fito lafiya, ta ci nata. Da direban ya juya, Haj ya dube ni yana murna ya fassara mini da Hausa, don kada wani abu ya wuce ni. Ya ce haka suke yi tun rasuwar mahaifiyarsu. Kowace kaka iri kashi biyu ne, rabi a rufinsa, rabi a tulun yayarsa a Gudduwa, don in fara ta ci na nan ko rijiya ta ƙafe, akwai na can. Ita ba ta taɓa nata sai ya aika cewa nasa ya tsaya da ƙafarsa.

Motar ba ta tafi ba tukuna. Tana ƙofar lambu tana ja da baya, yashi ya riƙe ƙafarta ɗaya. Taku talatin ne tsakanina da ita. Na ji abin da ya faɗa sarai, da harshen uwata ya faɗa. Ina riƙe da fartanya na tsaya ina kallo har ta fita ta hau hanya. Tsoron kora ne, da kunya, da kuma wannan taurin kan na cewa ai zai yi, in ya yi kuwa wa zai sani.

Bai yi ba. Ya wuce ƙirji, ya wuce kaina, ya yi kara kamar rake, ganye sai ka ce na masara, amma ko alamar ciki babu. Haj ya ɗaura igiya daga dabino zuwa dabino ya rataya gwangwanayen tumatir da tsakuwa a ciki don korar tsuntsu, kamar yadda yake yi kowace shekara. Kullum da hantsi sai ya ja igiyar sau ɗaya don ya ji ko tana aiki, gwangwanaye su yi kara a kan geron da ba abin da tsuntsu zai ci. Wata biyu ya wuce, na uku ya wuce. Ya daina ba ni labari wajen shayi. Bai tuhume ni ba, kansa yake tuhuma, yana cewa ko ruwan rijiya ne ya canza, ko shi ne ya yi wa Allah wani laifi. Daga baya na gane abin da na sayo irin ƙasar ruwan sama ne, mai jiran rana ta gajarta kafin ya fitar da kai. Lokacin da ya fitar, an fara saran dabino, sanyin Fazzan ya sauko, kawunan suka tsaya fayau ba ƙwaya.

Ranar da Haj ya murza kai ɗaya a tafinsa ya hura, ba abin da ya rage, na faɗa masa. Duka na faɗa, tun daga Bakano har Juma'o'in. Ya zauna a kan kututture ya cire tabarau. Na ɗauka zai ɗaga sanda, wallahi da na fi so.

Ya ce, "Mutumin ya warke?"

Na ce ya warke.

Ya ce, "Wannan ba komai. Ko ni ina nan, ni na sauke masa. Juma'a ma, yunwar gida ce, na sani." Sannan ya ce, "Amma ranar mota, Damagaram. Kana tsaye."

Ya mai da tabarau ya ce in je in nemo mota, gobe da safe za mu Gudduwa, wataƙila tsohuwa ta yi rowa ta rage.

Muka ratsa Sabha muka yi kudu. Yayarsa 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, muka same ta a tsakar gida tana ware dabino. Hausarta ta fi tasa, don ita ta fi daɗewa a gindin kakar. Tana ganinsa ta ce, "Ga mai sabon ido. An gyara ido an bar kai yadda yake?" Ta dube ni ta ce, "Wannan ne ɗan ƙasar kaka? Zauna, ɗana, ka yi rama, ƙanena ba ya ba ka abinci?" Haj bai bari an gama gaisuwa ba ya tambaye ta geron.

Ta ce, "Ai kai ka aiko. Na yi wa jikoki tuwonsa, suka ce yashi-yashi yake, a dafa musu maka. Na ce Allah ya shirye ku. Ni da maƙwabciyata muka yi kwana uku muna ci. Amma ban cinye ba, na rage na azumi."

Ta shiga ɗaki. Ta fito da kwano rabi cike da ƙwaya ja-ja, ta ajiye a gabanmu. Kafin in sunkuya ƙamshin ya riga ya gaya mini. Ta soya shi a kasko, duka, kamar yadda suke yi wa sha'ir kafin niƙa, don kada ƙwaro ya shiga.

Haj ya gaya mata abin da ya faru a taƙaice, bai ambaci ranar mota ba. Ta dubi kwanon. Ta sa gefen mayafi ta share ido, ta ce da Larabci wani abu game da mahaifiyarsu wanda ban kama ba. Sai Haj ya ɗebi kaɗan ya zuba a baki, ya tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage masa. Ya ce, "Shi ne." Ita ma ta ɗiba. Ya turo kwanon gabana, na girgiza kai. Ya ce, "Ci, Damagaram. Wancan karo ba ka san abin da kake ci ba. Yanzu ci da sani." Na ci. Muka zauna mu uku a tsakar gidan nan, da rana tsaka, muna ɗiba ɗaya bayan ɗaya har kwanon ya ƙare. Ban taɓa cin abu mai daɗi da wuyar haɗiya irinsa ba.

Bayan haka mun bi ƙauyukan Wadi Bawanis gida-gida muna tambaya. Duk inda muka je sai a ce, a da kam akwai, wane yana da shi, ya rasu, 'ya'yansa sun share ɗakin. Wani ya ba mu wani gero na daban, muka shuka, ya yi, Haj ya taɓa zangarniyar ya ce yana da kyau, bai ƙara shuka shi ba. Fangali shidan suka koma ciyawar tumaki kamar na kowa. Bai kore ni ba. Shekara bakwai na ƙara a lambun, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar da na yi aure, kuma bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, ko cikin faɗa. Labarin shayi ma ya dawo. Sai dai da zafi ya shigo, nakan gan shi ya shiga ɗakin lambu ya fito bai ɗauko komai ba.

Yanzu ni ne tsohon. Rediyon da ke kiranmu 'yan'uwa ya daɗe da yin shiru, ƙofar da muka shigo ta zama wurin tsoro. Na ga shekarun da ƙasa ta rikice, motar fulawa ta kasa isowa daga bakin teku, mutane suka yi layi a ƙofar kosha tun daga kan titi har kwana, manyan mutane suna faɗa a kan leda guda, ga rijiyoyi ga ƙasa amma ba wanda ke da abin zubawa a cikinta. 'Ya'yana a nan aka haife su, burodi da maka da shinkafa suka gina su, sun fi ni tsawo, ban kuma ce laifi ne ba. Har yau hatsi ne ke riƙe da mu kamar yadda ya riƙe kakanninmu, sai dai ba wanda ya san gonar da ya fito. Ba na cewa fangali shida na wani tsoho za su ciyar da Fazzan. Abin da na sani, wani abu ya zo daga ƙasarmu a hannun wata mata da aka rabo da kowa nata, ya yi zamani uku ana miƙa shi hannu da hannu, ya zo kaina ya tsaya.

Wanda duk wannan takarda ta shiga hannunsa, musamman ku da ke tasowa kuna riƙe amanar aiki a gonakin mutane da shagunansu, roƙo ɗaya nake yi. Za ku yi ɓarna, kowa yana yi, wata ma da kyakkyawar niyya za ta fara. In ta faru, kada ku yi irin tawa, kada ku tsaya gyara a ɓoye. Ku je ku faɗa wa mai abin a ranar, da kunyarku da rawar bakinku. Wataƙila shi ya san inda sauran yake, ku ba ku sani ba.